Sifika mai 98 dB za ta fi fito da sauti tas in na rage murya da dare?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sau biyu na karanta tambayarka, bari in maimaita ta a gajarce saboda na san ba kai kaɗai ba ne. Kana Kubwa, ɗaki da falo, an yi maka haihuwa kwanan nan (Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya), to yanzu jin kiɗa ko karatu ko labarai sai dare kuma sai ka rage murya ƙasa sosai kar jaririya ta farka, amma da ka rage sai sautin ya koma siriri kamar na rediyon hannu, bes ya ɓace, magana ta dusashe. Ka je Wuse wani mai shago ya ce maka laifin sifikunka ne masu 86 dB (dB shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), wai irinsu ba sa farkawa sai an ɗura musu wuta da yawa, ka sayi masu 98 dB su ko a ƙasa-ƙasa komai zai fito. Kana tambaya ko haka ne.

Riƙe kuɗinka tukuna. Ni nan Jos na daɗe ina wannan harkar, situdiyo da wajen biki da haɗa lasifikar masallaci, kuma wannan magana ta "farkawa" na ji ta ba adadi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, zan zo kansa, amma lambar nan ba ita ce ke damunka ba.

Ita lambar da ake rubutawa a bayan akwatin, inda za ka ga an sa Sensitivity, abu ɗaya kawai take faɗa maka. An ba sifikar wuta wat 1, an ajiye makirfon awo a tazarar mita 1, ƙarar da ta fito ita ce lambar. Shikenan. Ba ta ce maka komai a kan daɗin sauti ko tsaftarsa ba, kamar dai a ce maka mota kaza ba ta shan mai, wannan ai bai gaya maka ko kujerunta na da laushi ba. Kuma sifika gaba ɗayanta muguwar mai ɓarnar wuta ce, mai 86 dB wajen kashi ɗaya bisa huɗu na kashi 1 cikin 100 na wutar da aka ba ta take mayarwa sauti, mai 98 dB kuma wajen kashi 4 cikin 100, sauran duk zafi yake zama a cikin koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa kwanon sifikar. Lissafin dB kuma ba kamar na kasuwa ba ne, duk ƙarin 3 dB sai ka ninka wuta sau biyu, ƙarin 10 dB sai ka ninka sau goma kuma a nan ne kunne zai ce maka ƙarar ta ninka sau biyu. To tsakanin 86 da 98 akwai 12 dB, wato naka na buƙatar wuta ninki 16 kafin su yi ƙarar waɗancan. Ka ga in ka ji haka sai ka ce ai mai shago ya yi gaskiya.

To amma yi lissafin falonka. Jin dare irin wanda kake nufi bai wuce wajen 60 dB a inda kake zaune ba, kusan ƙarar hira ta mutum biyu. Sifikarka 86 a mita 1, ka koma mita 2 ta ragu da wajen 6 ta zama 80, guda biyu ne ka ƙara 3 ta zama 83, ban ma sa abin da bango ke dawo da shi ba. Daga 83 zuwa 60 akwai 23 dB, wato kashi ɗaya cikin 200 na wat ɗaya. Miliwat 5 fa kenan. Amfilifayarka da aka rubuta wa wat 50 ko 80 ko ma nawa ne tana zaune ne tana hamma, ko gumi ba ta yi ba. Ka sa masu 98 sai buƙatar ta koma ƙasa da rabin miliwat. Wace matsala ka warware? Ka magance ƙarancin wuta a gidan da wuta ta yi yawa.

Batun cewa kwanon sifika mai nauyi ba ya motsi sai an buge shi da ƙarfi, yawanci ba haka abin yake ba. In sifika lafiyarta ƙalau, a ƙaramar murya ne ma ta fi yin aiki daidai, don kwanon ɗan motsi kaɗan yake yi, koyil na tsakiyar maganaɗisu bai fita ba kuma bai yi zafi ba. A babbar murya ne ake samun karkacewar sauti, koyil ya ɗau zafi, turjiyarsa ta ƙaru, ka ƙara wuta amma ƙarar ba ta ƙaru yadda ya kamata ba, duk mai aikin biki ya san wannan, wajen ƙarfe goma na dare sifiku sun gaji sauti ya toshe. Sai dai in koyil ɗin na gogar ƙarfe ko robar gefen ta bushe ta tsage, wannan kuma gyara ne, ka danna kwanon a hankali da yatsu a kashe, in ka ji ƙarar-ƙarar kamar yashi to a nan matsalar take.

Babban mai laifi kunnenka ne, kuma ba ciwo ba ne, haka Allah ya yi kunnen kowa. Tun 1933 wasu mutum biyu a ɗakin binciken Bell a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka auna yadda kunne ke jin sauti mai kauri da siriri a matakan ƙara daban-daban, kuma har yau akwai ma'aunin duniya ISO 226 a kan wannan. Abin da aka gani shi ne kunne ya fi kaifi tsakanin 2,000 zuwa 5,000 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba kauri, babba siriri), wajen kukan jariri kenan, ka ga dalilin da ya sa ko motsi ta yi kana ji. Amma can ƙasa wajen bes kunne rago ne. Sautin 1,000 Hz kana fara jinsa tun daga kusan sifili dB, na 50 Hz kuwa sai ya haura 40 dB kafin ma ka san akwai shi. To in ka rage murya komai ya sauka tare a cikin iska, amma a cikin kanka bes ɗin ya fi saurin nutsewa, sai tsakiya ta rage ita kaɗai, shi ne wannan sautin rediyon hannu da ka ce. Mu kuma a situdiyo da yawanmu wajen 80 zuwa 85 dB muke daidaita waƙa, a nan aka auna gishirinta. Kai ka zo kana sha a 60, dole ka ji lami. Kuma ka lura, 60 dB a kunnenka 60 dB ne, ko daga mai 86 ya fito ko daga mai 98, kunnen bai san lambar bayan akwati ba.

Mutanen da sun san da wannan, shi ya sa tsofaffin amfilifaya na Japan irin su Pioneer da Sansui da Kenwood za ka ga wani maɓalli an rubuta Loudness. Mutane suna ɗauka na ƙara ƙara ne su danna shi rana tsaka murya a ƙure, alhali don dare aka yi shi, yana ɗaga bes da ɗan sama-sama idan bolum na ƙasa don ya cike abin da kunne ya zubar. Yamaha ma nasu abin murɗawa ne, ka sa bolum inda kake ji da rana sannan da dare ka rage da shi Loudness ɗin, ni a ganina wannan ya fi kowane tsari hankali. Sababbin risiba na sinimar gida masu tsarin daidaita sauti na Audyssey suna da Dynamic EQ, aikin ɗaya ne. Duba naka da kyau, zai yiwu maganin na nan a gabanka shekara da shekaru ba ka taɓa shi ba.

Na biyu, wanda ku mutanen Abuja ya fi ci, hayaniyar ɗakin kanta. Ba ka gaya mini ba amma na san Kubwa, in ba fanka na juyawa to AC na hurawa, in babu wuta janaretan maƙwabci na bayan taga, ga firij ga fankar inbata. Kunne ya saba da su har ka daina lura, amma suna nan suna cinye ƙananan sautuka. Da rana kana ji a 80 dB, hayaniyar na can ƙasa ba ruwanka. Da dare ka sauko 60, ita kuma ba ta sauka ba, sai tazarar ta matse, kuma abin da ya fara ɓata shi ne baƙaƙen magana irin su s da sh da ts da f, waɗanda su ne ke bambanta maka "sara" da "tsara" da "shara". Hucin fanka daidai wajen yake zama. Sai ka ji murya na tashi amma kalmomin sun cakuɗe.

Na ga wannan da kunnena, in ana faɗin haka. Wani dare cikin Disamba nan Jos, ka san sanyinmu ba mai kunna fanka, ina zaune ina sauraron wani tsohon faifan kiɗan gurmi a ƙananan sifikun da ke kan teburina, sai aka ɗauke wuta, kayan sautin na kan batir suka ci gaba amma firij ya mutu, unguwa ta yi tsit kafin masu janareta su tashi. Wallahi kamar an cire mini auduga daga kunne. Ina jin yatsan mutumin na goga tsirkiya, ina jin inda yake jan numfashi kafin ya shiga baiti, ban taɓa bolum ba, ban canja waya ko ɗaya ba. Minti uku aka yi haka sai wani ya ja janaretansa, komai ya koma yadda yake. Sifikun nan kuwa lambarsu ba ta kai taka ba.

Yanzu inda sayen masu 98 zai iya jawo maka sabuwar matsala. Kowace amfilifaya tana da ɗan huci nata, sssss, ko ba a kunna komai ba. A sifika mai 86 ba ka ji sai ka kanga kunne a twita, 'yar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti. Mai 98 za ta ɗaga wannan hucin da 12 dB cif, haka ma gurnanin 50 Hz na wutarmu in wayarin gidan ba shi da as (wayar da ake haɗawa da ƙasa) mai kyau. Wani bawan Allah ya taɓa kirana gidansa wajen Rayfield, ya sayo manyan sifikun biki guda biyu masu inci 15 ya girke a falo gefen talabijin, kowace ta kai ƙugu. Da na shiga ko waƙa ba a sa ba ina jin ssss daga bakin ƙofa. Muka kunna, ya ɗan taɓa bolum kaɗan, ta hagu ta fara magana ta dama shiru, ya ƙara kamar faɗin farce sai duka biyun suka buɗe da ƙarar da matarsa ta leƙo daga kicin. Babu tsakiya. Dalili kuwa abin murɗa bolum na yawancin amfilifaya layi biyu ne a ciki, na hagu da na dama, kuma can farkon juyawa ba sa tafiya daidai, sai an kai wajen ƙarfe tara ko goma in ka ɗauke shi kamar agogo suke haɗuwa. Sifika mai saurin amsawa tana tilasta maka zama a wannan mugun wurin. Ga shi kuma sifikun biki an yi su ne don ƙara da juriya, da yawansu bes ɗinsu na fara zubewa tun wajen 50 ko 60 Hz, kuma an yi su a ji daga nesa, a mita biyu kana jin ƙahon da ke fitar da siririn sauti daban, wufa mai fitar da bes daban. Ƙarshe masallacin unguwarsu ya ba kyautarsu, a can kam sun yi amfani.

Akwai wata ƙa'ida da masu ƙera sifika ke kira dokar Hofmann, sunan Josef Anton Hofmann ne, shi ne H ɗin da ke cikin sunan kamfanin KLH. Abu uku ne, ƙaramin akwati, bes mai zurfi, da rashin cin wuta, biyu kawai za ka samu. Paul Klipsch da ya kafa kamfaninsa a 1946 a garin Hope na jihar Arkansas ya zaɓi bes da rashin cin wuta, don lokacin amfilifaya na kwalba, irin na da masu ƙwayayen gilashi a ciki, 'yan wat kaɗan suke bayarwa, sai Klipschorn ta fito ƙatuwa kamar kabad ana jingina ta a kusurwar ɗaki, lambarta sama da 100 dB. Edgar Villchur kuma a 1954 ya fito da AR-1, ya zaɓi ƙaramin akwati da bes, ya yarda ta ci wuta. Saboda haka in ka ga ɗan akwati da za ka iya ɗauka da hannu ɗaya an rubuta masa 98 dB, ko dai ba shi da bes ko kuma lambar ta sha kwaskwarima. Wata dabarar ma a fili ake yinta, sai a auna da bolt 2.83, wanda a sifika mai om 8 (om ma'aunin turjiyar wuta ne) wat 1 ne daidai, amma a mai om 4 wat 2 ne, an ci ribar 3 dB kenan a takarda. Balle waɗanda ake liƙa wa 5000W PMPO a kwali, lambar talla ce kawai, wannan ko kallo kar ka yi.

In kana son hujja ɗaya da ta fi duka, BBC ce. A tsakiyar shekarun 1970 sun tsara wata 'yar sifika LS3/5A don aiki a cikin motocin ɗaukar shiri inda wuri ya matse kuma injiniya na zaune dab da ita. Lambarta wajen 82 zuwa 83 dB ce, ƙasa da taka, amma har yau ana ƙera ta kuma abin da aka fi yabonta da shi shi ne yadda take fito da muryar mutum tas a ƙaramar murya. Da maganar mai shagonka doka ce da wannan sifikar ba ta yi suna ba.

To ina ƙamshin gaskiyar da na ce? Masu cewa sifika mai ƙaho ta fi rai a ƙasa-ƙasa ba ƙarya suke ba, suna jin wani abu, sunan da suka ba shi ne ba daidai ba. Ƙaho yana tattara sauti ya harbo maka shi kai tsaye, kaɗan ne ke zuwa bango da tayil ya dawo, to a falo mai amsa-kuwwa magana za ta fi fita. Kuma da yawansu an ɗan ɗaga musu sama da wani yanki na bes, kamar an danna musu Loudness tun daga masana'anta, da dare daɗi, da rana in ka ƙure su yi ta sukar kunne. Sannan ga abin da ke faruwa a shago, a cire waya daga wannan a sa a waccan ba a taɓa bolum ba, mai 98 ta fito da ƙarar da ta ninka ta farko fiye da sau biyu a kunne, kuma duk ɗan Adam abin da ya fi ƙara shi yake ce wa ya fi kyau. Ban ce mai shagon ya yi da gangan ba, watakila shi ma haka ya ji ya yarda. In za ka koma, sa manhajar auna dB a wayarka, ba ta da cikakken daidaito amma ta isa kwatanta abu biyu, a daidaita su duka a 60 daga inda kake tsaye sannan ka saurara. Kuma ka tuna shagon Wuse da rana ba falonka ba ne ƙarfe sha ɗaya na dare.

Sifika mai babbar lamba tana da wurinta, kar a ce na kushe ta. Fili, zauren taro, masallacin Juma'a, ko wanda ke da amfilifayar kwalba mai wat 5 ko 8, ko mai aiki da batir da sola da ke lissafin kowane wat. Ni kaina in zan yi biki su nake ɗauka.

Kai kuwa ga abin da zan yi da ni ne a falon nan. Kafin komai matso. In kana mita 3 ka dawo mita ɗaya da rabi, sautin da ke zuwa maka kai tsaye ya ƙaru da kusan 6 dB, daidai da ninka wuta sau huɗu, kuma ɗakin jaririya ko ɗigo bai ƙaru ba, babu sifikar da za ta ba ka wannan. Ɗaga su twita ta zo daidai kunnenka a zaune, ka ɗan juyo da fuskarsu gare ka, in suna ƙasa kan tayil ko an cusa su cikin kabad ɗin talabijin to rabin dusashewar daga nan ne. Shimfiɗa kafet tsakaninka da su, saki labule. Fanka ka rage ta zuwa lamba ɗaya ko ka kawar da ita daga saitin kanka. Sannan danna Loudness, in babu ka ɗan ƙara bes da hannu, taribul, wato siririn sauti, kuma kaɗan sosai. Amma a nan yi hattara, bes shi ne ke ratsa bango, siririn sauti bango na tare shi, don haka kar sifikun su jingina da bangon ɗakin da take kwance, kuma sa musu soso ko roba mai kauri a ƙasa kar su girgiza teburi. In kana da sabwufa, akwatin da ke fitar da bes zalla, ni da dare kashe shi zan yi.

In ka lura gefe ɗaya na riga ɗaya tashi a ƙaramar murya, rage ƙarar daga waya ko dikoda zuwa wajen rabi, sai ka ɗaga na amfilifaya ya kai ƙarfe goma, za su daidaita. Don labarai da fim kuma duba saitin talabijin ko risiba, yawanci akwai yanayin dare da ke matse tazarar da ke tsakanin raɗa da harbin bindiga, ga magana yana taimakawa sosai, ga kiɗa ni ba na sonsa.

Gwada waɗannan kwana uku. In har yanzu bai yi maka ba, turo mini sunan amfilifayar da na sifikun da faɗin falon, ka gaya mini kuma wane bango ne ke haɗe da ɗakin maijego.